Rahila Tana Cikin Yashin Rafi

Ƙarfe biyar da kwata na asubar Lahadin Ista, mu uku ne a tsakar gida: ni, da matata Rahila, da ƙanwarta Tabita. Rahila tana ɗaura zanen Zumuntar Mata. Tabita ta rungumi tulun kiɗa. Ni ina wanke fuska. Bunsurun biki yana ɗaure a gindin darbejiya.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kutawa da Barkiya. Al'adar ikkilisiyarmu ita ce, ran Ista mata ne ke fara fita maƙabarta su kaɗai, kamar yadda mata suka riga kowa isa kabarin Yesu. Su yi waƙa, su dawo su shaida wa maza cewa ya tashi, maza su amsa, sannan a buga ƙararrawa. Ni ne dattijon da ke kula da wannan tsari.

Bana samari sun ce za su raka su, domin an ga baƙin babura a daji ranar Alhamis. Na hana. Na ce haka muka gada, haka za a yi. Na sa wannan a farko don kada wani ya riga ni faɗa.

Biyar da rabi suka fita, su tara. Muna zaune a ƙofar majami'a muna jin tulu yana nisa. Shida saura kwata muka ji babura daga yamma, ta hanyar maƙabarta. Tulu ya yi shiru. Harbi uku, ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ba a iya ƙirgawa.

"Ku kwanta!"

"Ina shanun? Ku fito da shanun!"

Kowa ya watse. Ni na bi bayan gonaki na nufi maƙabarta. Shida da minti goma na iske Tabita cikin sabara tana jan yayarta. Harsashi ya shiga Rahila a ƙugu. Na yage rigata na ɗaure wurin, na goya ta. Da na waiga, rumbunanmu suna ci da wuta.

Akwai lambar wayar jami'an tsaro da aka ba mu a wurin taro, aka ce mu kira in wani abu ya faru. Tabita ta kira sau biyar. A na shida aka ɗauka, aka ce, "Ga mu nan." Ranar Talata suka zo.

Muka gangara busasshen rafi muka bi shi, domin gaɓarsa tana ɓoye mutum. Ƙarfe bakwai muna jin kukan shanunmu ana kora su. Ƙarfe takwas Rahila ta nemi ruwa. Babu. Jininta ya jiƙa mini baya har wando.

Takwas da minti ashirin ta ce, "Baban Luka, sauke ni." Na jingina ta da gaɓa a inuwar wata kanya. Ta ce ba su samu sun dawo mana da labari ba. Ta dube ni ta ce, "Ya tashi." Ta jira, kamar yadda suke jira a ƙofar majami'a. Na ce, "Hakika ya tashi." Ta yi murmushi har haƙoranta suka fito. Tara saura minti goma ta cika.

Malam Sale, wani manomi Musulmi daga wajen Barkiya, ya iske mu. Shi ma gudu yake da iyalinsa. Ya tura su gaba, ya tsaya da fartanyarsa. Muka gwada kan gaɓa. Ƙasar bazara kamar dutse, fartanya sai tsalle take. Muka koma cikin rafin, inda yashi ke da taushi. Ba mu kai zurfin gwiwa da kyau ba wani ya wuce a guje.

"Ku yi sauri! Suna bin rafi!"

Muka naɗe ta da zanenta, muka rufe, muka ɗora ƙaya da duwatsu huɗu. Ban yi mata addu'ar binnewa ba. Shekara ashirin da biyu ina tsayawa kan kaburburan mutane ina tabbatar da an yi kome daidai.

Ƙarfe sha biyu muka fito titin Kurfi. Wata motar wake ta ɗauke mu. La'asar muka shiga Dutsin-Ma. Muna kwana a ajin makarantar wata majami'a har yau, mako uku ke nan.

'Yan'uwa ma'aikatan gari suna zuwa gaisuwa. Suna kawo shinkafa, na gode. Amma na gaji da a ce mini in yi murna. Jiya wani saurayi mai takalmi mai ƙyalli ya dafa ni ya ce, "Baba, kada ka damu da gawa, ko'ina take Allah zai tashe ta." Tun kafin a haife shi nake koyar da wannan. Na gaskata Rahila za ta tashi, da ƙugunta lafiya, da muryarta. In na tuna haka zuciyata takan yi fari, kuma babu ɗan bindigar da ya isa ya ƙwace mini wannan begen. Amma jikin da Ubangiji zai tasa ba mushen jaki ba ne da za a bari ruwa ya ja. Shi ma Yesu sai da aka naɗe shi aka sa shi a kabari na kirki kafin ya tashi.

Mata tara suka fita. Shida sun iso Dutsin-Ma. Biyu suna hannun waɗancan mutane, ba mu ji muryarsu ba. Ɗaya tana cikin yashi.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ruwan farko in ya sauka, rafin zai kawo cikin dare ɗaya. Na je wurin masu iko sau uku neman rakiya, kullum a ce in dawo gobe. Na daina jiransu.

Kai mai karatu, in kana Dutsin-Ma ko Kurfi, ba ta'aziyya nake nema ba. Maza shida nake nema, da diga biyu da shebur biyu. Malam Sale ya ce a sa shi na farko. Saura biyar. Za mu tashi Asabar ƙarfe shida na safe daga tashar motar Kurfi, mu ɗauko ta mu kai ta maƙabarta, kusa da uwarta. Ka zo.