Ruwan Gashin Yaya Ummaru

Daminar bana ta cika shekara huɗu da rasuwar wana, Ummaru, tela a kasuwar Boɗinga. Sai yau na zo rubuta labarinsa a jarida.

Motar kaya ce ta kife da su kusa da Shagari, suna komowa daga cin kasuwar Kajiji. Buhunan gero suka danne masa ƙugu. Maɗori ya ɗora, ƙashi ya kama, dangi suka yi ta barka. Amma ƙafar dama ta ƙi tashi. Yatsun na jan ƙasa, ko ƙaya ya taka bai sani ba. Tela kuwa da ƙafa yake cin abinci.

Maɗori ya ce a dage da gashi safe da yamma. Ina hutun makaranta, aikin ya faɗo kaina. Wata safiya na sauke tukunya, na juye a kasko, ya tsoma ƙafar.

"Da zahi, Yaya?"

"Ƙara, Hajo, 'yab boko mai tsoron ruwa. Ban jin komi."

Na ƙara. Ban taɓa ruwan da hannuna ba. Da ya fiddo ƙafar, fata ta saɓule. Ya dube ta kamar ƙafar wani, ya ja zane ya rufe. Ya ce wa Inna shi ya zuba da kansa, ina wajen rijiya. Mikin ya ruɓe, zazzaɓi ya biyo. Bai ga girbi ba.

Bara wata sista a asibitin Sakkwato, inda nake koyon aiki, ta zana mana yadda jijiyoyi ke fitowa daga ƙasan gadon baya su ratsa ƙugu, yadda karaya ke tsinka su, ƙafa ta daina ji. Na kwafa cikin littafi da kyakkyawan rubutu. Ban yi kuka ba. Har yanzu ban yi ba.

Yau kowa zancen mulkin kai yake, ana cewa Turawa sun kusa tafiya. Da yana nan, na san tambayarsa guda: wa za a ba ɗinkin tuta?

Kekensa na hannun wani. Abin da ya bar mini shi ne ƙaryar nan da ya rufe ni da ita, ta kuwa yi mini nauyi. Inna ba ta karatu, amma a Boɗinga ba a rasa mai karanta mata jarida.

Inna, ba na wajen rijiya. Ni na zuba.