Fiffike Ɗaya

Injin niƙa ne ya ci mani hannun hagu, a kasuwar Tasawa. Bel ya kama hannun rigata ya haɗa da ni, daga gwiwar hannu zuwa ƙasa babu. Ba na son jaje, kada wanda ya fara.

Da ciwo ya warke na koma ƙauyenmu, kusa da Attantané. Ko hutawa ban yi ba Yaya ya tara dangi a zaure, ya sanyaya murya, wai gonar da Baba ya bar mani a ba shi ya riƙe, ya riƙa auna mani hatsi. Hauya hannu biyu take so, in ji shi. Ni kuwa na san irin riƙon nan. Gwaggonmu haka aka riƙe mata tata, har ta mutu ba ta sake taka ta ba. Baffa, ƙanen mahaifinmu, ya yanke magana: in na nome ta da kaina damanar nan, tawa ce. In haki ya cinye ta, ta koma wajen Yaya.

Ina cikin wannan baƙin ciki sai ga taubashina, ɗan gwaggon nan, mushe ne, wato malami, a wata lakwal, makarantar boko, a Mayahi. Tun daga bakin ƙofa ya kwaɗa mani kira.

"Monoplan! An tashi lafiya?"

"Mene ne kuma monoplan, ɗan banza?"

"Jirgi mai fiffike ɗaya."

Wallahi da ba taubashi ba ne da na fasa mashi baki da hannun da ya rage. Ya zauna yana dariya, ya ciro salula ya nuna mani wani tsohon hoto mai motsi. Jirgin yaƙi ne na mutanen Japon, tun kafin babban yaƙin duniya na biyu. Ni na zaci zan ga abu mai fiffike gefe guda kamar ni.

"Kai makaho ne? Ga fiffike biyu nan!"

"Duba da kyau," in ji shi. "Guda ne. Ta ƙarƙashin ciki ya ratsa, daga wannan gefe zuwa wancan."

Ya ce a da jiragen yaƙi fiffike hawa biyu gare su, sama da ƙasa. Da aka ƙero wannan, tsofaffin matuƙa suka yi ta gunaguni, wai ba zai iya juyi ba in faɗa ya haɗu. Aka gwada shi da na da, gunaguni ya ƙare. Ƙafafunsa ma ba su naɗewa, a waje suke reto. A haka aka kai shi yaƙi ƙasar Sin. Ban ce yaƙinsu na kirki ba ne, mutane suka je suka kashe a ƙasar mutane. Amma akwai guda da ya yi karo da wani jirgi a sama, gefen fiffikensa ya guntule, matuƙin ya lallaɓa da shi har gida.

"Shi ba a ce ya ba yayansa ya riƙe mashi ba?" na tambaya.

Taubashina ya yi dariya har da hawaye. Ni ban yi ba. Maganar ƙarƙashin cikin nan ce ta tsaya mani a rai.

Washegari na ɗauki hauyata, mai doguwar ƙotar nan da ake turawa a tsaye, na tafi wajen maƙeri. Na ce ya gicciya mani ice a ƙarshen ƙota, mai tsawon da zai kwanta mani a ciki daga ƙugu zuwa ƙugu, a sa igiyar fata ta zagayo bayana. Ya dube ni, ya dubi hauya, ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba. Na ce to yau ka gani.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, noma ya zo. Ciki ke turawa, hannun dama ke nuna hanya. Ranar farko na sare gero ya fi haki yawa. Na faɗi a gaban mata masu kai fura, suka rufe baki da gyale. Fatar cikina ta saɓule, ta warke, ta sake saɓulewa. Akwai safiyar da na zauna a gindin gawo na yi kuka, ba na ɓoyewa. Na share ido na tashi, don Yaya yana leƙe daga gonarsa.

Bayan maimai, noma na biyu, Baffa ya zo duba gona, Yaya na biye da shi. Suka ratsa ta daga kai har gindi, gero ya kai kafaɗa, ƙasa fes. Yaya ya tsaya yana ƴan dube-dube.

"Baffa, a tambaye shi dai. Wa ya taya shi?"

Na kama bakin rigata da haƙori, na ɗaga ta da hannu. Kanta ce baƙa ƙirin, ta ratsa cikina daga wannan gefe zuwa wancan.

"Ga wanda ya taya ni, Yaya. Taɓa ka ji."

Bai taɓa ba. Baffa ne ya sa yatsa ya bi ta har ƙarshe, sannan ya juya ya ce mashi, "Wuce mu tafi."

Gonar tana hannuna har yau, wanda ya rage ɗin.