Gilashin Kiran Sai-hu Kan

Yanzu in ka shiga silimar garinmu, hoton Kan Tiam-hok ne zai fara tarbarka. An rataye shi a bakin ƙofa, yana murmushi da haƙoran roba, a ƙarƙashinsa an rubuta wai shi ne zuciyar wannan gida. Duk ranar da zan wuce kasuwa sai na kau da kai, don kada in tofar da yawu a gaban baƙi.

Yaran birnin da suka gyara ginin ba na ganin laifinsu, ba su san komai ba. Sun zo da kyamarori da gajerun wanduna, suka kwashe buhunan takin da aka jibge a ciki tun da talabijin ta kashe silima, suka shafe kujeru da fenti, suka kafa teburin sayar da kofi. Sai ka ji suna cewa ƙamshin zamanin da ne yake sa su ƙwalla. Ni na san ƙamshin zamanin da. Zarnin fitsari ne da hayaƙin taba da tuƙar rake a ƙarƙashin ƙafa, ga kuɗin cizo a kowace kujera, ka shiga lafiya ka fito kana susa. In ruwa ya sauko a kan kwanon rufi ba ka jin abin da ake faɗa a fim. Amma ita kaɗai gare mu, shi ya sa ko sunanta ba ma kira, silima kawai.

Tiam-hok ɗan wata mai awara ne a bayan tasha. Da shara ya fara a silimar, daga nan aka ba shi keke yana ɗauko naɗin fim daga garin gaba, don fim ɗaya muke rabawa da su. Da idon tsohon mai haskawa ya mutu, sai aka ce ya hau ɗakin sama inda injin yake. Tun ranar da ya taka matakalar nan ƙafarsa ba ta sake taɓa ƙasa ba. Kafinta da maƙeri sai sun yi furfura kafin a kira su Sai-hu, wato gwanin sana'a. Shi kuwa da bakinsa ya naɗa kansa, kuma in ka kira shi da sunan yanka ba ya waiwayowa. Ya sayi farar safar hannu yana sawa a cikin zafin da kare ma ke neman inuwa. Ya riƙa laftawa gashinsa mai har ƙuda na zamewa. In ya hangi uwarsa ta taho da gammo da tiren awara, sai ya tsallaka ɗaya gefen titi. Fim ɗaya zai kalla ta 'yar tagarsa safe da yamma, kullum ya sauko da jajayen idanu, yana cewa mu mutanen gari ba mu san abin da ake nuna mana ba.

A lokacin babu waya a gidaje. In kana neman wani yana cikin silima, sai ka je tagar tikiti ka faɗi sunansa. Matar da ke wurin za ta ɗauki ɗan gilashin da aka baƙanta da hayaƙin kyandir, ta karce sunan da ƙusa, ta miƙa sama. Sai-hu ya haska shi a gefen allo: wane, ana nemanka a waje. Kowa ya yarda da gilashin nan kamar yadda ya yarda da fitowar rana. Ba mai kutsawa cikin duhu yana kiran suna, abin kunya ne, kuma mai gadin ƙofa ba ya barin ka ba tikiti.

Ina 'yar budurwa Baba ya kwanta ciwon ƙirji. Yayana A-kiat shi kaɗai ne ɗa namiji a gidanmu, shi ke ɗaga shi, shi ke wanke shi, tun daga saran rake har damina ta tsaya. Wata Lahadi Baba ya tashi da ɗan sauƙi, har ya sha kunun shinkafa da hannunsa. Shi da kansa ya ce wa A-kiat ya fita ya sha iska, ya gaji da ganin fuskarsa. Sai Yaya ya ɗauki Siu-khim, yarinyar shagon tela da yake nema, suka tafi silima kallon fim ɗin rana. Fim ɗin wata matar masunci da mijinta ya ɓace a teku ake nunawa, mata na zuwa da tawul saboda kuka.

Ba su daɗe da fita ba numfashin Baba ya sauya. Maƙwabta suka taru, aka shimfiɗa katako a babban zaure gaban teburin bautar kakanni, aka ɗauko shi aka kwantar, don mutum ba ya cikawa a kan gadon ɗaki. Kuma ɗa namiji ne ke riƙe hannun uba a wannan lokaci. Inna ta ce in ruga in kira shi. Ko takalmi ban tsaya sawa ba.

Na faɗa wa matar tikiti, na ga ta karce sunan, na ga gilashin ya hau sama. Na tsaya a bakin ƙofa ina jira. Ina jin kiɗa a ciki, ina jin mata na jan majina, ba wanda ya fito. Na roƙi mai gadi, ya ce ai tunda an kai sama an haska, in yi haƙuri yana hanya. Na koma taga aka sake karce wani gilashin. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa za a karɓi sunan mutum a ƙi haskawa.

Sai da fim ya kusa ƙarewa aka buɗe ƙofa, kamar yadda ake yi kullum don yara su shiga su tsinci wutsiyar fim kyauta. Na shiga cikinsu ina ihun sunan yayana. Muka fito da gudu, amma tun daga kan kwana muka ji kuka. An ce Baba bai ɗauke idonsa daga ƙofa ba har ya cika.

Ɗan da mutuwar uba ta same shi a waje ba ya shiga gida da ƙafa. Daga bakin lungu A-kiat ya durƙusa, ya rarrafa a kan tsakuwa yana kuka har zaure, unguwa kaf tana kallo, kowa kuma ya san daga ina yake.

Bayan an binne Baba, kawunmu ya je ya tambayi Sai-hu. Mutumin ko saukowa bai yi ba, daga kan matakala ya amsa yana gyara safarsa.

"Sau biyu na haska. Ku tambayi yaronku inda idonsa yake, da shi da 'yar telan."

Maganar nan kafin yamma ta kai kasuwa. A-kiat ya rantse idonsa na kan allo, ko hannun yarinyar bai riƙe ba. Waɗanda suka kalli fim ɗin aka tambaye su. Wasu ba su iya karatu ba, wasu fuskarsu na cikin tawul, kuma dama ba mai karanta gilashi in ba sunansa ba ne. Da suka ji abin da Sai-hu ya ce, sai ga masu cewa kamar sun ga rubutu. Labarin saurayin da ya shagala da budurwa uba na mutuwa ya fi daɗin taunawa, shi gari ya zaɓa.

Inna ba ta taɓa yi masa faɗa ba, da ma ta yi. Ta dai ce muddin tana da rai Siu-khim ba za ta taka gidan ba, yarinyar kuwa ta auri wani a birni. In A-kiat ya zo zai karɓi bokiti a hannunta, sai ta ce ya bari, ya je kada fim ya wuce shi. Haka ya noma gonar, ya riƙe gidan, ya tsufa ba aure. Sannu a hankali shi kansa ya daina rantsuwa. Wata rana ya ce mini ƙila ya juya ya yi wa Siu-khim magana a daidai lokacin, ai ba zai iya tunawa ba. Da Inna ta kwanta nata ciwon, a ƙasa yake kwana kusa da ita, ko bayan gida da gudu yake zuwa. Ranar da aka fito da ita zaure ta buɗe ido ta gan shi riƙe da hannunta, ta ce, "Yau ba a nuna komai ne?" Ba ta ƙara ce masa wani abu ba har ta cika.

Shi kuwa Sai-hu rayuwarsa ya ci gaba da yi. Da silima ta mutu ya koma zaman shagon babur na ɗansa, yana damun masu kawo gyara da labarin jaruman da ko a mafarki ba su san da shi ba. Matarsa ta sha fama har ta huta. Mun ɗauka ƙasa za ta rufe shi ba mai tunawa, sai ga yaran birni sun tono shi, sun kakkaɓe masa ƙura, sun saya masa sabuwar safa.

Ranar sake buɗe silimar aka gayyaci duk tsofaffin gari. Na ce ba inda za ni, sai A-kiat ya ce shi zai je. Tun waccan Lahadin bai sake bin titin silima ba. Ya ce yana so ya zauna inda ya zauna, ya gani ko mutum zai iya rasa ganin gilashin. Kunnensa ya riga ya yi nauyi, sai ka ɗaga murya a jikinsa, don haka na raka shi.

Aka kashe fitilu, Sai-hu ya haska sunan shugaban gari don nishaɗi. Rubutun ya fito fari fat a gefen allo, ko mai hakiya zai gani. Mutane suka yi dariya. Yayana ya daɗe yana kallo, sannan ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, to lallai a waccan ranar ba ya duban allon.

Daga nan aka kawo Sai-hu gaba, wata yarinya ta miƙa masa abin magana, ta ce Kaka ya faɗa musu sirrin sana'arsa. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Ya gyara tsayuwa, ya shafa 'yan gashin da suka rage.

"'Yata, ni ban taɓa ɓata wa mutane kukansu ba. In an zo wurin hawaye, ko gidanku ke cin wuta, gilashi ya jira. Akwai wani fim na matar masunci, daga tsakiya har ƙarshe kuka ne. Duk kwanakin da muka yi muna nuna shi, ko suna ɗaya ban haska ba. A aljihu nake zuba su, in an tambaya in ce na saka. Mutanen ƙauye ne, me suka sani? Wai akuya ta tsinke, wai suruka ta zo. Fim kuwa sau ɗaya mutum zai fara ganinsa."

Yaran birni suka ɓarke da tafi, wata har da dafe ƙirji. Tsofaffi suka bi sahu, cikinsu har da 'ya'yan waɗanda suka ce kamar sun ga rubutu. Na juya, sai na ga yayana shi ma yana tafi, don ya ga ana yi. Bai ji ko kalma ɗaya ba.

Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsani tsohon nan a wannan lokaci ba, kuma ban ji kunyar kowa ba. Na kama hannayen A-kiat, na kafa bakina a kunnensa.

"Yaya, bai haska ba. Da bakinsa ya faɗa yanzu. Ranar Baba, a aljihu ya sa sunanka."

Sai da na maimaita sau da yawa, har na gabanmu suka waiwayo suna cewa mu yi shiru. Ya dube ni, ya dubi allo. Na zaci zai tashi, na ma so ya tashi, in riƙe masa sanda ya je ya shaƙe tsohon banza. Bai ko kalli inda Sai-hu yake ba.

"Ashe ina kallo," ya ce, sannan ya kira sunana. "A-suat, ashe idona na wurin."

Na ce masa e, idonsa na wurin. Ya murza gwiwoyinsa da tafin hannu. Can ya matso kusa da ni, ya yi magana da ƙarfi irin ta kurame, har ɗakin ya ji.

"To Inna fa? Wa zai gaya mata?"