Gudun da Ke Barin Mutum Ya Gaisa

Ina ɗaure igiyar kambas ɗina da safen nan waya ta shigo. Malam Garba ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na daɗe zaune a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu.

Waɗanda ke fita motsa jiki bayan sallar asuba a hanyar Ambursa sun san shi. Dogon dattijon nan mai koriyar riga, tsohon malamin wasanni, wanda bakinsa ba ya hutawa ko yana gudu. Mu Koci muke ce masa.

Lokacin da likita ya ce mini hawan jinina ya yi yawa, na tsorata ƙwarai, domin ciwon ne ya kwantar da mahaifina, kuma yarana duk ƙanana ne. Aka ce in riƙa motsa jiki. Ni kuwa ban iya yin abu kaɗan ba. Na sayi kambas, na fito daga Birnin Kebbi na zuba da gudu kamar wanda ya saci akuya. Ban yi nisa ba na tsinci kaina durƙushe a gefen shinkafar mutane, ina haki, idona na ganin duhu. A raina na riga na yanke cewa gudu ba nawa ba ne, gara in koma gida in jira abin da Allah zai yi.

Sai na ji murya a kaina: "Wa ka korar ka, ƙanena?"

Koci ne. Ya ba ni ruwa, ya jira na dawo hayyacina, sannan ya ce in tashi mu tafi tare. Wallahi gudun da ya sa ni, don rashin saurinsa, har kunya ya ba ni, masu kai albasa kasuwa a keke suna wuce mu suna waiwaye.

Ma'auninsa ɗaya ne, gaisuwa. Akwai wani manomi, Baba Manu, da gonarsa ke bakin hanya. Kullum muka zo wucewa sai Koci ya ce in gaishe shi ina cikin gudu, kuma cikakkiyar gaisuwa: kwana, gajiya, iyali, aiki, ruwa. In numfashina ya yanke kafin in kai ƙarshe, to na yi sauri.

"In ba ka iya gaida mutane, rage," haka yake cewa. "Zuciyag ga taka ba haya kaɗ ɗauko ta ba."

Na sha yi masa gardama. Na nuna masa manhajar da ke wayata mai auna gudu. Ya duba da kyau, ya ce abu ne mai amfani, amma ita ba ta amsa gaisuwa.

Inda babu mutane a hanya, sai ya ɗauko labari, ya riƙa jefo mini tambaya don ya ji yadda nake numfashi. Akwai labarin wata giwar ruwa da mahaifinsa ya kama a kogin Argungu. Kullum kifin nan ƙara girma yake yi, kuma kullum sai mu iso gida ba a fito da shi daga ruwa ba. Da gangan yake yi, don in fito gobe.

Haka na yi ta fitowa, har likita ya rage mini magani. Ranar da na gaya wa Koci ya fi ni murna, ya tsaya ya saya mini ƙosai, ya ce kar in gaya wa likitan.

Fitarmu ta ƙarshe, makon jiya, muka zo wajen Baba Manu. Koci ya fara, "Ina kwana, ƙaƙa iyali…" sai numfashinsa ya yanke, ya dafa ƙirji. Na tsokane shi, na ce yau Koci ya karya dokarsa. Ya yi murmushi ya ce, "Awo, haka ne. Wuce gaba, yau ni ka bin ka." Muka ƙarasa da tafiya. Ya ce zai je gida Argungu ya ga likita ya huta, in ya dawo zai fito mini da kifin.

A can muka kai shi makwancinsa bayan azahar.

Da na dawo, zaman gida ya gagare ni, sai na sa kambas na fita da yamma. Ina tsoron ranar da zan wayi gari in ce babu wanda ke jirana, in koma barci. Na yi ta tafiya a hankali yadda yake so, ina kewarsa kamar me. Baba Manu ya ɗago daga cikin shinkafa, bai ji labari ba. Ya ɗaga murya ya ce, "Lahiya yau da marece? Ina mai surutun?"

Na buɗe baki in gaishe shi, numfashina ya yanke tun a kalmar farko. Ga shi kuwa a tsaye nake.

Ya Allah ka gafarta wa Malam Garba, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa, ka ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a, ko da bai san shi ba. Shi ma bai san ni ba ranar da ya tsaya.