Alamar Fensir a Gefen Sunan Baba Isiyaku

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga garinmu, mu uku, a motar ƙaramar hukuma wadda ƙofarta ta baya sai an ɗaure ta da igiya. Filin jirgin Kano muka nufa, daga nan sai Riyad, inda aka tura mu taron kwana huɗu kan yadda birane ke rage kashe kuɗi. Eh, daidai kuka ji, jirgin sama muka hau don mu koyo tsimi. Ni kaina abin ya ba ni dariya, amma ban ce a'a ba.

A jakata akwai wata takarda da ta fi fasfo ɗina nauyi. Ni ne sakataren kwamitin da shugaban ƙaramar hukumarmu ya kafa don tantance ayyukan da suka zama dole da waɗanda za a yafe. Asibiti, famfunan burtsatse da kwashe shara babu mai taɓa su. Amma a shafi na uku na yi alama da fensir a gefen sunan Baba Isiyaku, mai gadin maƙabartar garinmu. Hujjata ita ce waɗanda ke kwance a can ba sa buƙatar mai gadi. Da mun dawo zan miƙa takardar, albashin tsoho ya tsaya.

Riyad gari ne shimfiɗaɗɗe, titi a kan titi, zafinsa kuma busasshe ne, gumi ba ya samun damar zama a jiki. Mun hau jirgin ƙasansu na cikin gari wanda ba shi da direba. Abokin tafiyata na ofishin kuɗi ya je gaba ya leƙa, ya dawo yana murna wai ga albashin mutum ɗaya an huta da shi. Shi ne kuma duk abin da muka saya sai ya juya riyal zuwa naira ya yi salati, har muka hana shi lissafi in muna cin abinci. Da safe burodin tamis da wake muke ci a wani ɗan shago, da shayi mai na'ana'a, kuma ban taɓa tashi da yunwa ba.

Taron kuwa ya yi kyau. An nuna mana fitilun titi masu kashe kansu da takardun da ake cikewa a waya. Na rubuta abubuwa da yawa, rabinsu sai an fara samun wuta a sakatariyarmu za su yi amfani.

Ranar Juma'a bayan masallaci 'yan garinmu mazauna can suka gayyace mu Shumaisi, wata tsohuwar unguwa mai ƙananan shaguna. A ɗaki ɗaya aka shimfiɗa leda, aka dire faranti guda na kabsa, shinkafarsu ja da kaza, da yajin ƙuli na gida a gefe. Akwai magina, akwai direbobi, har da wasu 'yan Maraɗi biyu da suka yi ta tsokanar mu wai ba mu iya cin shinkafa da hannu ba. Na ji daɗin zaman nan ƙwarai.

Wanda ya maido mu masauki shi ne Sabi'u, ɗan maƙwabciyarmu marigayiya Iya Hansatu, direba a wani gida a unguwar ofisoshin jakadanci. Muna wuce wata doguwar katanga ya ce mana maƙabarta ce, sai ya rage gudu.

"Kawu, Baba Isiyaku yana nan lafiya?"

Na ce yana nan, murya ƙasa-ƙasa.

"Alhamdulillahi. Lokacin da Iya ta rasu iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar nan, ta ƙare, kafili ubangidana bai sabunta ba, ban samu fita ba. Halas, shi ke nan, aka rufe ta ba ni. Ƙannena duk mata ne, ba su je ba. Waɗanda suka kai ta kuma, damina biyu ta wuce, duk wanda na tambaya a ina ne sai ya ce wajen gabas dai. Baba Isiyaku kaɗai ya ce mini a waya, ɗana ka zo kawai, zan tsayar da kai a kanta."

Kunya ta kama ni, don jakar tana kan cinyata. Shekara talatin ina kai gawa maƙabartar nan, ban taɓa tambayar kaina wa ke riƙe da inda kowa yake ba. Kaburburanmu ba su da suna, ƙasa ce da itace. Rajistar gaba ɗaya tana cikin kan tsohon da na yi wa alama.

Washegari muka juyo gida. Kafin in je ofis sai da na biya ta maƙabarta. Na tarar da Baba Isiyaku yana toshe ramin da ruwa ya ci da fartanya. Na gaishe shi, na ce kabarin Iya Hansatu nake nema. Bai ko yi tunani ba, ya wuce gaba ina bin sa, ya tsaya kusa da wata bishiyar aduwa.

"Ga ta nan, Yallaɓai. Na dama mijinta ne. Yaron yaushe zai zo?"

Na ce da yardar Allah baɗi.

A zaman kwamiti na goge alamar a gaban kowa, na kuma nemi a ba tsohon littafi da mai rubuta masa, don kan mutum ba ya dawwama. Shugaba ya ce to, amma dole wani abu ya fita a madadinsa. Na ce akwai, na rubuta da biro: tafiye-tafiyen koyon tsimi a ƙasashen waje. Abokan tafiyata sun harare ni, har yau ɗaya ba ya amsa gaisuwata da kyau, amma an amince.

Abin da na koyo shi ne, daga kan tebur ba a gane aikin da ya zama dole, sai ka tambayi wanda zai rasa shi. Ni sai da na je Riyad na ji amfanin mutumin da nake wucewa kullum a hanyar ofis. Da yamma na kira Sabi'u na ce masa ya kwantar da hankalinsa, Baba Isiyaku na nan yana jiran sa a gindin aduwa.