Yatsan Ɗanjuma a Bangon Sista Marta

Ɗanjuma magini, Allah ya jiƙansa, bai taɓa zama a aji ba, amma shekara talatin duk wanda ya san shi ba ya sayen gida sai ya kira shi ya duba. Mutumin Bungudu ne, gajere, mai yawan dariya, kullum da goro a kunci da cokalin gini a aljihu. In ya shiga gida ba ruwansa da fenti. Bango yake ƙwanƙwasawa, ya kara kunne kamar mai jiran a ce masa shigo.

Da damina, shekara biyu da suka wuce, Sista Marta, ma'aikaciyar jinya a Gusau, ta aika masa. Ita ce ta taɓa ɗinke masa hannu da kwanon rufi ya yanke shi, tun daga nan suka saba. Mai gidan da take haya ya ba ta notis, ga shi ta samu ɗan gida a Tudun Wada da ya kwanta mata a rai. Sai dai injiniyan da ya duba gidan ya rubuto rahoto shafi huɗu, aibi goma sha ɗaya. Mai sayarwa kuma ya ce mako biyu zai jira ta.

Ɗanjuma ya same ta a tsakar gidan, takarda a hannu, fuska ba walwala.

"Baba Ɗanjuma, na fasa. Gidan nan mara lafiya ne."

"Sista, ke da kanki? In wani ya zo da ƙuraje, wani da ciwon zuciya, gado ɗaya kike ba su? Karanto mini da Hausa."

Ta fara. Famfo yana ɗiga.

"Mura."

Kwanon rufi ya yi tsatsa wajen kicin.

"Ƙaiƙayi."

Ƙofar banɗaki ba ta rufuwa.

"Tawa ma ba ta rufuwa, tari nake yi in na ji tafiya."

Haka suka bi guda goma tana dariya. Na sha ɗaya ne ya sa ya tofar da goronsa: tsaga a bangon falo, daga taga zuwa ƙasa. Injiniya ya rubuta cewa a sa mata ido.

"Wannan ya yi gaskiya," in ji Ɗanjuma. "Tsaga iri biyu ce. Akwai wadda ta mutu, akwai mai tafiya. Mai tafiya ko kyauta aka ba ki gidan kar ki karɓa."

Ya kwaɓa siminti kaɗan, ya shafa shi siriri a kan tsagar, faɗin tafin hannu. Da yake ba ya rubutu, sai ya danna babban yatsansa a tsakiya. Ya ce in bango yana motsi, shafen zai dare. A jira ruwa mai ƙarfi.

Ruwa uku aka yi. Bayan kowanne sai ya hau babur daga Bungudu, ya iso wando duk taɓo, ya tsuguna ya leƙa. A kwana na sha uku ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

"Sista, mara lafiyarki an sallame shi. Saya."

Ta saya. Shi ya gyara mata sauran goman, ban da ƙofar banɗaki, wadda kullum yake cewa sai mako mai zuwa.

Watan jiya ya kwanta, kwana shida, ya cika. Sista Marta ta zo gaisuwa Bungudu, ta zauna cikin mata.

An yi wa falon fenti sau biyu, amma ta hana a taɓa wurin. Shafen yana nan, bai dare ba, da zanen yatsansa a tsakiya. Abokansa kan roƙi a bar su su shiga su gani. Allah ya sa ya huta, ya ba iyalinsa haƙuri.