Saƙar Bahaguwa

Ranar wata Laraba ce, a daminar shekarar da nake aji huɗu a firamare, na dawo gidanmu na Ƙofar 'Yandaka da shatin rula uku a bayan hannuna na hagu. Darasin aikin hannu muka yi, malama ta raba mana kwarashi da farin zare, ta ce kowa ta yi sarƙa. Ni kuwa bahaguwa ce, da hagu na ɗauka. Sau uku tana mayar mini da shi dama, sau uku yana komawa hagu ban ma sani ba. 'Yan aji suna ta ƙyalƙyala dariya, ni ko zargen farko ban iya ba. Ina shiga gida na jefar da jaka, na shige bayan turmi ina kuka.

A nan Yaya Bilki ta same ni. Ita nake bi, shekara shida ta ba ni, kuma duk layinmu an san hannunta a saƙa. Marfin jug, bakin hankici, hular jarirai, babu wanda ba ta yi. Ta kama hannuna ta duba, ba ta zagi malama ba, ba ta lallashe ni ba. Tabarma ta jawo ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida ta ce, "Zamna nan gabana, Sa'ade, ba kusa da ni ba. Ki ɗauka madubi kike kallo." Muka haɗa gwiwa da gwiwa. Ta ɗaga damanta, na ɗaga haguna. Ta zargo zare, na zargo. Kafin Inna ta ƙwala mana kiran tankaɗe, na yi sarƙa mai tsawon kamu ɗaya, a karkace, wani wuri a ɗaure tamau, wani wuri sako-sako. Yaya Bilki ta rataya mini ita a wuya ta ce, "Ga sarƙar gwal ɗin bahaguwa."

Daga ranar na daina fita 'yar gala-gala da carafke. Kwarashina na farko wayar keke ce da Baba ya sa aka goga aka lanƙwasa mata baki. Zare kuwa daga bakin buhunan shagonsa muke zarowa, mu wanke da sabulu, mu shanya, mu naɗe a jikin kwalin ashana. Da mun gama wanke-wanke da shara sai tabarma. Siririn zare ba ya yafiya, yana yanka yatsa, yana zamewa, kuskure kuma ba ya ɓuya a cikinsa. In na tsallake ido ɗaya, ko na yi layi biyar a kansa, sai ta zare kwarashin ta ja zaren, ina ji ina gani aikin yini ya koma tsumma. In na fara kumbura baki sai ta ce, "Warwara ba asara ba ce, zaren yana nan." Shekaru muka yi a haka, har aka kai ta ɗakinta, ni ma daga baya aka kai ni, amma ko sau ɗaya ban taɓa zama a gefenta da kwarashi ba. Kullum a gabanta.

Yau kwana arba'in da uku da rasuwarta. Wurin haihuwa ne. Ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin haihuwa na asibiti da fulas ɗin kunu a hannu aka fito aka faɗa mana, kuma har yanzu in na ji an turo gado mai taya ko a talabijin ne, sai in tashi in bar wurin. Jaririyar ta rayu, an mayar mata da sunan uwarta, tana hannun Inna. Ni kuma cikina wata bakwai. Ba na faɗa wa kowa, amma tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba.

Da aka zo rabon kayanta, aka sami farin shawul da take saƙa wa jaririyar, saura kaɗan, kwarashi a soke a tsakiyar layi. Inna ta miƙo mini ta ce, "Ke kaɗai za ki iya." Na ajiye shi sati biyu ban taɓa ba. Da na buɗe, sai na ga a layi na biyun ƙarshe ta tsallake ido. Yaya Bilki, da ba ta yafe ido ɗaya. A watanta na ƙarshe hannuwanta sun kumbura har zobe ba ya shiga, ashe haka take fama. Goggo, ƙanwar Baba, ta leƙo ta ce in warware layukan nan in gyara, ai abin jaririya ne, jama'a za su gani. Na riƙe bakin zaren, na san ja ɗaya zai wadatar. Na kasa. Wannan karon zaren yana nan, mai shi ce babu.

Na ɗauki kwarashin zan ci gaba, sai ya ƙi. Saƙarta daga dama take tafiya, tawa daga hagu. Na juya shi sama, na juya shi ƙasa, can na gane sai na mayar da fuskar shawul ɗin waje, bayansa ya dubo ni, kamar wata ce zaune a gabana take riƙe da shi. Nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Jiya na gama. Duk wanda ya iya saƙa zai ga inda hannu ya canza, zai ga ramin idon da ta bari. Na lulluɓe ƙaramar Bilki da shi, na sayo wani ƙullin zaren na fara na ɗan da ke cikina. Dalbejiyar tana nan, tabarmar ma Inna ba ta yar ba. In Allah Ya sauke ni lafiya, watarana 'yar Yaya Bilki za ta zauna a gabana, gwiwa da gwiwa.